Yadda Ake Yin Zangon Karatu Ɗaya a Denmak, Daga Ofishin Jami'arku Har Ranar Dawowa

Tun da na dawo daga Aarhus, inda na yi zango ɗaya a matsayin ɗalibin musaya, saƙonni ba su yanke ba. Wannan ya tambayi nawa aka kashe, waccan ta tambaya ko za a bar ta da hijabinta a aji, wani kuma tambayarsa guda ce: akwai aiki? Shi ya sa na ga gara in zauna in jera amsar a wuri ɗaya, bi da bi, yadda abin yake tafiya.

Akwai abin da nake so ka riƙe tun daga nan. Harkar Denmak sarƙa ce. In ba ɗaki, ba adireshi. In ba adireshi, ba lambar CPR, wato lambar shaida da hukuma ke ba duk mazaunin ƙasar. In ba CPR, ba katin asibiti, ba asusun banki, ba katin haraji, ba albashi. Zangon kuma gaba ɗayansa wata huɗu zuwa biyar ne. Wanda ya yi sakaci da mataki ɗaya zai iya cinye rabin zamansa yana jiran wasiƙa.

1. Nemo ƙofar da za ka shiga

Denmak tana da jami'o'i takwas: Jami'ar Kwapanhagan, Jami'ar Aarhus, Jami'ar Aalborg, Jami'ar Kudancin Denmak da ke da babban mazauni a Odense, Jami'ar Roskilde, jami'ar fasaha ta DTU da ke Lyngby, makarantar kasuwanci ta CBS, da jami'ar kimiyyar kwamfuta ta ITU. Dukkansu suna da darussan da ake koyarwa da Turanci, musamman a matakin digiri na biyu.

Ƙofofin zango ɗaya uku ne. Ta farko ita ce musaya: jami'arku tana da yarjejeniya da wata jami'a a can, ita za ta miƙa sunanka, ba za ka biya kuɗin makaranta a Denmak ba. Ta biyu ita ce tallafin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda shi ma ta hanyar yarjejeniyar jami'o'i yake zuwa, sai dai yana haɗawa da kuɗin jirgi da alawus na wata-wata, wanda ga mai zuwa Denmak ya kai yuro 900. Kusa da shi akwai digiri na biyu na Erasmus Mundus, inda ake zaga ɗalibi ƙasashe biyu ko uku, wasu shirye-shiryen kuma Denmak na cikin zagayen. Ta uku ita ce ka je da kanka a matsayin ɗalibi baƙo, ka biya. Ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, kuɗin makaranta yana kamawa daga kamar yuro 6,000 zuwa 16,000 a shekara, sai ka raba biyu.

Abin da za ka fara yi: ka taka da ƙafarka zuwa ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje a makarantarku, ka tambayi jerin yarjejeniyoyin da ke aiki yanzu. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka kuma tambayi malaman sashenku da suka yi karatu a Turai, domin sau da yawa yarjejeniyar tana hannun malami ɗaya ne, ba a taɓa manna ta a allon sanarwa ba.

Gargaɗi: babu wani dillali da zai iya sayar maka da gurbin musaya. Jami'a ce ke miƙa wa jami'a suna. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka ka a jeri, ka riƙe aljihunka.

2. Zaɓen zango da darussa

Zangon kaka yana farawa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ya ƙare a Janairu. Zangon bazara yana farawa farkon Fabrairu, ya ƙare a Yuni. Neman na kaka yakan rufe tsakanin Maris da Mayu, na bazara kuma tsakanin Satumba da Oktoba, kowace jami'a da ranarta. Kenan shiri ya kamata ya fara kusan shekara guda kafin tafiya.

In da za a tambaye ni, zan ce mai zaɓi ya ɗauki na bazara. Za ka sauka cikin sanyi, amma kullum rana tana ƙara tsawo har ka bar ƙasar cikin haske. Na kaka akasin haka ne: ka sauka da daɗi, ka ƙare cikin duhu da jarrabawa. Sai dai na kaka ya fi yawan baƙin ɗalibai da shagulgulan maraba, kuma a wasu sassan ya fi yawan darussan Turanci.

Cikakken zango maki 30 ne na tsarin ECTS, wato ma'aunin nauyin darussa da jami'o'in Turai ke amfani da shi. Darussa suna zuwa da maki 5, 7.5, 10 ko 15, don haka za ka iya samun kanka da darussa uku ko huɗu kacal. Kada ka raina su. Darasi ɗaya mai maki 10 zai iya ɗauke da karatun shafuka ɗaruruwa.

Kafin ka tura komai, ka buga bayanin kowane darasi, ka kai wa shugaban sashenku, ya rubuta wane darasi na gida kowanne zai maye, ya sa hannu ya buga hatimi. Wannan takarda ita ce za ta hana a ce maka ka maimaita zangon bayan ka dawo. Alkawarin baki ba ya aiki a nan, domin shugaban sashe yana iya canzawa kafin ka dawo.

Sauran takardun: sakamakon karatunka da Turanci, kwafin fasfo, da shaidar iya Turanci. Yawanci ana neman maki 6.5 a IELTS, ko da yake wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙa daga makarantarku cewa da Turanci ake koyar da ku. Ka tambaya a rubuce kafin ka kashe kuɗin jarrabawa.

3. Ɗaki, tun kafin maganar biza

Ranar da takardar karɓa ta shigo, ranar za ka nemi ɗaki. Ba washegari ba. A Kwapanhagan da Aarhus ƙarancin ɗaki a watan Agusta da Satumba abu ne da kowa ya sani, har 'yan ƙasar suna kwana a gidajen abokai makonni.

Hanya mafi aminci ita ce ofishin gidaje na jami'ar da ta karɓe ka. Abin da za su ba ka yawanci ɗaki ne a kollegium, wato gidan kwanan ɗalibai: ɗakinka kai kaɗai, sau da yawa da banɗakinka, sai madafa ɗaya da za ku haɗa da mutum goma ko fiye. In an ba ka ɗaki mai nisa, ka karɓa. Minti 25 a keke ba nisa ba ne a can.

Haya a wajen babban birni takan kama daga kroner (kuɗin Denmak) 3,000 zuwa 4,500 a wata. A Kwapanhagan ka sa rai da 4,500 zuwa sama. Abin da ke girgiza mutane shi ne kuɗin shiga: doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiya har na wata uku, da hayar gaba har ta wata uku, ban da watan farko. Gidajen ɗalibai ba su cika kaiwa haka ba, amma ka tambayi jimillar tun farko.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, 'yan damfara sun cika zaurukan neman ɗaki na Facebook. Salonsu ɗaya ne: ɗaki mai kyau, farashi mai sauƙi, mai gidan wai ya yi tafiya, ka tura ajiya a aiko maka da makulli. Kada ka tura wa mutumin da ba ka gani ba ko sisi. Na biyu, in mai ɗaki ya ce ba za ka iya rajistar CPR da adireshin ba, ka bar ɗakin komai arhar sa. Ɗakin da ba a rajista da shi ya yanke maka sarƙar nan tun daga tushe.

4. Izinin zama

Wanda zai wuce wata uku ba bizar ziyara yake buƙata ba, izinin zama na ɗalibi ne. Hukumar da ke bayarwa sunanta SIRI, kuma duk ƙa'idojin suna shafin newtodenmark.dk. Ka karanta su da idonka, domin alƙaluma suna canzawa kowace shekara. Ga yadda ake bi:

Da farko jami'ar da ta karɓe ka za ta cike ɓangarenta na fom ɗin ST1, ta aiko maka da lambar shiga. Sai ka buɗe lambar fayil a shafin, ka biya kuɗin duba takardu. Ka ajiye rasit. Ka tabbata shekarar da ka biya ita ce shekarar da za ka miƙa fom, kuma sunanka da lambar fasfonka sun yi daidai harafi da harafi.

Daga nan ka cike naka ɓangaren, ka haɗa kwafin dukkan shafukan fasfo har da bango da shafukan da ba komai a kai, da shaidar cewa za ka iya ciyar da kanka. Adadin da ake nema ya haura kroner 7,000 a kowane wata na zamanka. Takardar tallafin karatu tana iya tsayawa a madadin haka. In kuwa bayanin banki za ka kai, ya zama asusu ne da sunanka, kuɗin kuma suna zaune a ciki. Asusun baba ko na kawu ba naka ba ne.

Bayan ka tura, kana da kwana 14 ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. A Najeriya ana yin wannan ta cibiyar karɓar takardun biza da ofishin jakadancin Denmak na Abuja ke aiki da ita, 'yan Gana kuma nasu yana Accra. Akwai kuɗin ofishin jakadanci daban da na SIRI, ka sa shi a lissafi. Ka nemi ranar ganawa kafin ka danna tura fom, kada kwana 14 su ƙare kana jiran layi.

Amsa takan ɗauki kamar wata biyu. Ka duba fasfonka: ba za a ba ka izini ya wuce wata uku kafin ranar ƙarewar fasfo ba, don haka in ya kusa mutuwa ka sabunta shi tun kafin ka fara. Kada ka yanki tikitin da ba a canza masa rana kafin amsa ta fito.

5. Lissafin aljihu

Kuɗin Denmak kroner ne, ba yuro ba, amma an ɗaure shi da yuro: yuro ɗaya kamar kroner 7.46. Wannan yana sauƙaƙa lissafi.

Ban da haya, mai dafa abincinsa da kansa zai iya riƙe ciki da kroner 1,500 zuwa 2,000 a wata. Mai cin abincin waje ba zai kai tsakiyar wata ba. Ƙara kuɗin waya, wanki, littattafai da zirga-zirga, za ka ga adadin da hukuma ta nema ba ƙari ta yi ba, shi ne abin da rayuwar ke ci.

Watan farko shi ne mai nauyi, kuma a lokacin ba ka da asusun can. Ka tafi da katin asusun dala ko na yuro wanda ka gwada ka tabbatar yana aiki a waje, kada ka dogara da katin naira kaɗai. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu, amma ka sani kusan komai da kati ake biya, har burodi ɗaya. Ka kuma yanki inshorar lafiya ta tafiya da za ta rufe makonnin farko kafin katin asibitinka ya fito.

6. Haɗa kaya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Denmak, sai an yada zango a irin su Istanbul, Frankfurt, Amsterdam ko Addis Ababa. Mai zuwa Aarhus ko wani gari a yankin Jylland ya duba filin jirgin Billund, in ba haka ba ya sauka Kastrup, filin jirgin Kwapanhagan, ya kama jirgin ƙasa, tafiyar awa uku da wani abu.

Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida, komai son da Hajiya ta yi maka. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji su ne za su cece ka, ka ɗaure su da kyau cikin leda biyu.

Sanyin Denmak ba irin na hunturunmu ba ne. Jiƙaƙƙen sanyi ne mai iska da yayyafi. Rigar sama mai hana ruwa da iska, safar hannu, hular sanyi da takalmin da ba ya shan ruwa sun fi tulin rigunan saƙa amfani. In ba ka samu mai kyau a gwanjo a gida ba, shagunan kayan hannu na biyu da ake kira genbrug suna ko'ina a can. Ɗan Najeriya ya sayi mahaɗin soket, domin nasu mai ramuka zagayayyu ne. Duk takardunka na asali su zauna a jakar hannu.

7. Makon farko: a nan ake cin nasara ko a makara

Ana barin ɗalibi ya shigo ƙasar kafin fara karatu, don haka ka iso kafin makon maraba, kada ka tsallake shi. A makon ne ake haɗa ka da tsohon ɗalibi mai yi maka jagora, kuma wasu jami'o'in suna shirya ranar rajista ta musamman.

Ranar da ka karɓi makulli, kafin ka buɗe akwati, ka ɗauki hoton komai: bango, ƙasa, tabo a tebur, tsagewar madubi. Kana da kwana 14 ka kai ƙorafin duk wata ɓarna a rubuce. Abin da ba ka rubuta ba, daga ajiyarka za a cire shi ranar fita.

Sannan ka rubuta cikakken sunanka ka manna a akwatin wasiƙa. Wannan ƙaramin abu ya ci mini kusan mako uku. Na yi rajista lafiya, na zauna ina jiran kati, ashe sunan wanda ya bar ɗakin ne har lokacin a jikin akwatin, wasiƙar ta zo ta koma. Sai da wata maƙwabciyata a madafa ta tambaye ni ko na sa sunana, na sauka ƙasa na duba. A can, in ba sunanka a akwati, ba a ajiye maka wasiƙa.

Sai rajistar CPR a ofishin hidimar jama'a na ƙaramar hukuma, Borgerservice, ko cibiyar baƙi ta International House in a Kwapanhagan kake. Ana fara cikewa ta intanet a karɓi ranar zuwa. Ka tafi da fasfo, takardar izinin zama da yarjejeniyar haya. A nan za a haɗa ka da likitanka. Bayan 'yan makonni katin asibiti mai ruwan ɗorawa zai zo, da sunan likitan a jiki, haka ma katin izinin zama. Ganin likita da asibiti kyauta ne ga mai wannan kati, amma likitan haƙori ba kyauta ba ne ga wanda ya kai shekara 22, kuma magani kai za ka saya. Ka gyara haƙorinka tun a gida. Lambar gaggawa 112 ce.

Da CPR a hannu sai ka nemi MitID, shaidar da ake shiga duk shafukan gwamnati da banki da ita. Daga nan wasiƙun hukuma za su riƙa zuwa maka ta akwatin intanet da ake kira Digital Post, kuma a wurinsu in an aika, ka gani. Ka riƙa dubawa duk mako. Sai asusun banki, wanda buɗe shi kan ɗauki makonni, ka sa a mai da shi NemKonto, wato asusun da hukuma ke zuba maka duk kuɗin da ya zama naka. Da asusun ne za ka iya buɗe MobilePay, manhajar da ɗalibai ke raba kuɗin cefane da ita.

Mai CPR yana da damar koyon harshen ƙasar kyauta, sai ajiyar kroner 2,000 da ake mayarwa in an cika sharuɗɗa. A zango ɗaya ba za ka ƙware ba, kuma kusan kowa yana jin Turanci, amma tak, wato na gode, da undskyld, wato yi haƙuri, suna buɗe fuska.

8. Keke

Ka samu keke a makon farko. Na hannu na biyu a shafin DBA ko wajen ɗalibai masu tafiya yakan yi sauƙi, ko ka yi hayar wata-wata daga kamfani irin Swapfiets. In za ka saya, ka karɓi rasit ka duba lambar da ke jikin ƙarfen, domin kekunan sata suna yawo.

Fitila gaba da baya dole ce in duhu ya yi, tararta kroner 700. Riƙe waya a kan keke ya fi haka tsada. In za ka tsaya ka ɗaga hannu sama. In za ka juya hagu a mararraba, ba a yankewa kai tsaye: ka miƙe ka tsallaka, ka tsaya a kusurwa, ka juya keken, ka jira. A jirgin ƙasa da wasu bas-bas kuwa babu mai tare ka a ƙofa, amma in mai duba tikiti ya same ka ba ka da shi, tarar ta kai kroner 750 zuwa 1,000, kuma ba a jin roƙo.

9. Aji da jarrabawa

Abin da ya fi ba ni wuya a farko shi ne kiran farfesa mai furfura da sunansa na yanka, ba Malam, ba Farfesa. Haka suke so. Suna kuma so ka yi musu, ka ce ban yarda ba, ka kawo hujja. Shirun ladabi da muka taso da shi, a can ana iya ɗaukarsa a matsayin ba ka karanta ba. Ba a cika kiran suna a aji ba, babu mai bin ka, sai dai a riƙa zuba karatu a shafin darasi. Wanda ya bari ya taru masa, a Nuwamba zai gane.

Aikin rukuni ginshiƙi ne, musamman a Aalborg da Roskilde inda babban kaso na zangon aiki ɗaya ne da ku huɗu ko biyar za ku rubuta tare. In an ce ƙarfe goma, goma ake nufi. Makara sau biyu ta isa 'yan rukuni su daina yarda da kai, kuma za su faɗa maka a fuska ba tare da kwana-kwana ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka suke magana da junansu.

Makin jarrabawa bakwai ne: 12, 10, 7, 4, 02, 00 da -3. Daga 02 aka ci. Kada ka ga 7 ka karaya, maki ne mai kyau na tsakiya.

Sai jarrabawar baka, wadda yawancinmu ba mu saba da ita ba. Ka shiga ɗaki, ga malaminka, ga wani mai sa ido da ake kira censor, ga tulun ruwa da kofi a tebur. A tawa ta farko an kife 'yan takardu, na ɗauki ɗaya, aka ba ni lokaci in shirya, sannan muka yi kamar minti 20 ana tambaya ina amsawa. Aka ce in fita. Na tsaya a baranda ina jin bugun zuciyata, ba a yi minti biyar ba aka kira ni aka faɗa mini makina da dalilinsa. Hanyar shirya mata ɗaya ce: ka zauna da abokan karatu ku riƙa yi wa juna tambaya da baki, da agogo. Hadda ba ta wadatarwa, domin tambaya ta biyu kullum ita ce me ya sa.

Gargaɗi: kwafar rubutun wani ba tare da nuna inda aka ɗauko ba laifi ne babba, ana tace kowane aiki da manhaja. Kuma kada ka tsayar da ranar dawowa sai jadawalin jarrabawa ya fito, domin wasu suna kaiwa ƙarshen Janairu ko ƙarshen Yuni.

10. Abinci, salla da zama da mutane

Cefane mai sauƙi yana Netto, Rema 1000 da Lidl. Naman alade ya shiga abinci da yawa, har wanda ba ka zata ba, don haka ka haddace kalmomin svinekød, gris, skinke da bacon, ka riƙa karanta bayan leda. Mahautan halal suna unguwar Nørrebro a Kwapanhagan, da kasuwar Bazar Vest a Aarhus, da Bazar Fyn a Odense. Ruwan famfo ana sha. Kwalabe da gwangwanayen lemo kada ka zubar, akwai injin da ke mayar maka da kuɗin ajiyarsu a shago.

Lokutan salla suna buƙatar shiri. A Disamba rana takan fito bayan takwas da rabi ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai ka ga Azahar, La'asar da Magariba duk sun faɗo cikin awannin aji. Ka tambaya ko akwai ɗakin ibada ko ɗakin shiru a harabar, ka ajiye ƙaramar darduma a jaka. A Yuni kuma rana ta haura awa 17, Isha da Asuba suna kusan haɗuwa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, lokacin da tsawon yini bai yi nisa da na gida ba. Akwai masallatai a duk manyan garuruwa, ciki har da babban masallacin titin Rovsingsgade a Kwapanhagan da aka buɗe a 2014.

'Yar'uwa mai tambayar hijabi: za ki sa abinki, za ki ga masu shi a aji da wuraren aiki. Niƙabi ne doka ta hana a bainar jama'a tun Agustan 2018, tarar farko kroner 1,000. Ki san wannan kafin ki yanke shawara.

Mutanen Denmak ba sa tare baƙo da hira a hanya, kuma ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa. Za ka iya jin kaɗaici, musamman in duhu ya kama. Maganinsa madafa ce. Yawancin gidajen ɗalibai suna da tsarin girki na karɓa-karɓa, yau wannan ya dafa wa kowa, jibi wancan. Ka sa sunanka a jerin tun makon farko. Ranar da na dafa dafa-duka da kaza, mutum tara suka zauna, aka kunna kyandirori kamar yadda suke yi, aka yi ta tambayata game da Kano har sha ɗaya na dare. Kowa da zai tashi sai ya ce tak for mad, wato an gode da abinci. Daga ranar aka fara ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Ranar Juma'a da yamma kowane sashe yana da taron da ake kira fredagsbar, kuma giya ce a tsakiyarsa. In ka ce ba ka sha, yawanci sau ɗaya za a tambaya a wuce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wurin ba, akwai ƙungiyoyin ƙwallo, gudu da aikin sa-kai, kuma ta nan ne ma aka fi samun abota mai ɗorewa.

11. Maganar aiki

Izinin ɗalibin jami'ar da gwamnati ta amince da ita yana zuwa da damar aikin awa 90 a wata, da cikakken lokaci a Yuni, Yuli da Agusta. Kafin albashin farko ka nemi katin haraji a skat.dk, in ba haka ba za a cire kashi 55 cikin 100. Wuce awannin da aka ba ka, ko aikin da ake biya a hannu ba takarda, zai iya jawo a ƙwace izinin zamanka.

Gaskiyar da zan faɗa wa ƙanena ita ce wannan: kafin CPR, banki da katin haraji su kammala, wata biyu sun tafi, jarrabawa kuma ta matso. Masu ɗaukar aiki ba sa ɗokin wanda zai tafi bayan wata uku. In ka samu aikin wanke-wanke ko rabon kaya, alhamdu lillahi, ƙari ne. Amma kada ka bar gida da lissafin cewa aikin can ne zai biya maka haya.

12. Tattara komatsai

Ka duba wa'adin sanarwar barin ɗaki tun ranar da ka shiga, domin wasu wata uku suke so. Ka wanke ɗakin fes, ka goge farin dattin ruwa da ke kama famfo da tayil, ka sake ɗaukar hotuna, ka halarci duban fita in an ba da dama. Ajiyar takan ɗauki makonni kafin ta dawo, don haka ka yi magana da banki kan yadda za a turo maka ita kafin ka rufe asusu.

Ka sanar da hukuma cewa ka bar ƙasar ta shafin lifeindenmark.borger.dk. In ka yi aiki, ka bi kadin kuɗin hutunka da ragowar haraji, kada ka goge MitID da wuri. Ka duba ranar da ke jikin katin izinin zamanka, ka fita kafin ta. Ka sayar da keken ga sabon zuwa.

Sakamako yakan fito makonni bayan jarrabawa ta ƙarshe. Ka roƙi jami'ar ta aika kwafi kai tsaye zuwa ofishin jami'arku, kai ma ka sauke naka kafin a rufe maka shafin ɗalibi. Ranar da ka koma sashenku, ka haɗa shi da takardar nan mai hatimi ta mataki na biyu da bayanin yadda makinsu yake, ka miƙa wa jami'in jarrabawa hannu da hannu, ka karɓi shaidar cewa ya karɓa.